Rumbu a Gida, Hatsi a Ƙetare: Hujjar Naɗa Ma'ajin Ilmin Yanki a Laburaren Jami'a

A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya yada zango a birnin Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. A nan ne aka ara masa wani littafin Larabci, rubutun hannu, wanda ya ƙunshi tarihin daular Songai da sarakunanta. Ya duƙufa na 'yan kwanaki yana kwafar abin da ya iya kwafa, sa'an nan ya aika da shi Turai. Littafin nan shi ne Tarihus Sudan na Abdurrahman As-Sa'adi, wanda har gobe babu mai rubuta tarihin Afirka ta Yamma da zai iya tsallake shi. Da yake Barth baƙo ne, kuma cikin gaggawa yake, sai ya jingina littafin ga Ahmadu Baba, shahararren malamin Tambutu. Kuskuren ya daɗe yana yawo a tsakanin masana kafin a buga littafin cikakke a Faris a ƙarshen ƙarni na 19 da sunan mai shi.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Na farko, ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama suke cikinta, ta kasance wurin da baƙo ke zuwa neman littafin da ba ya iya samu a Landan ko Balin. Na biyu, ilmin wuri idan ya faɗa hannun wanda bai san wurin ba, komai kyakkyawar niyyarsa, yakan fita da tabo. Yau kuwa lamarin ya juya. Ɗalibin da ya taso a Danwarai, ya shiga jami'a a Aliero, in yana son karanta tarihin ƙasar da aka binne cibiyarsa, sai ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kaduna, wani abin ma sai ya roƙi hotonsa daga Ingila ko Amurka. Matsayata a wannan maƙala ita ce: duk jami'ar da ke zaune a wannan yanki, tun daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, wajibi ne ta keɓe kujera a laburarenta ga ƙwararre guda wanda ba shi da wani aiki sai tattara ilmin yankin da tsara shi da sada shi da masu nema. Wannan ƙwararre shi zan kira ma'ajin ilmin yanki.

Wane ne Ma'ajin Ilmin Yanki?

A al'adar laburarorin jami'o'inmu, ana raba aiki ne bisa matakan da littafi ke bi: akwai masu sayo shi, akwai masu ba shi lamba, akwai masu bayar da aro, akwai masu kula da mujallu. Wani lokaci a ƙara da wakilin da ke kula da tsangaya guda, kamar ta aikin gona ko ta injiniya. Ma'ajin ilmin yanki ya sha bamban da dukansu, domin shi wuri aka ba shi, ba fanni ba. Duk abin da ya shafi wurin nan nasa ne, ko tarihi ne, ko cutar albasa, ko taswirar fadama, ko waƙar makaɗi. Shi zai san abin da aka rubuta a kan yankin da inda yake, ya nemo wanda babu, ya bayyana shi a rajista ta yadda mai nema zai same shi, ya kuma zauna da ɗalibi ya nuna masa ta inda zai fara.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan kujera ba, kuma waɗanda suka ƙirƙiro ta ba don Allah suka yi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta gane cewa tana neman jan ragamar duniyar da ba ta sani ba. A 1948 manyan laburarorinta suka yi yarjejeniyar raba wa junansu nauyin sayo littattafan ƙasashen waje, don kada wani muhimmin littafi ya fito a duniya ba tare da kwafinsa ya isa ƙasar ba. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam a 1957, sai majalisar Amurka ta yi dokar ilmi don tsaron ƙasa a 1958, wadda ta zuba kuɗi a koyar da harsunan ƙetare da nazarin yankunan duniya. Jami'ar Northwestern ta buɗe laburaren nazarin Afirka a 1954, wanda ke ɗauke da sunan Melville Herskovits, kuma Hans Panofsky ya yi fiye da shekara 30 yana riƙe da shi. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe ofishi a Nairobi a 1966 musamman don sayen abin da Afirka ke bugawa. A Ingila ma, laburarori masu tara kayan Afirka sun kafa ƙungiyar SCOLMA a 1962.

Ga abin da wannan tsari ya haifar. Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano, ya rasu a 1962 ya bar rubuce-rubucen hannu fiye da 3,000. Yau suna Northwestern, inda suka isa ta hannun John Paden, an ba kowanne lamba, an bayyana shi. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, waɗanda da yawa daga cikin malamanmu suka raina a farkon fitowarsu, Graham Furniss na Jami'ar Landan da Malami Buba su suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har aka buga jerin sunayensu a 2004. Akwai masu jin haushin wannan, suna kiransa wawaso. Ni ban ga inda haushin zai kai mu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗannan mutane sun ware albashi da kuɗin tafiya ga wanda zai kula da ilminmu, mu kuwa muka zuba ido. In da laifi, a gidanmu ya kwana.

Mun Taɓa Yi, Ba Baƙon Abu Ba Ne

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a kwaikwayi abin da ƙasar nan ba ta taɓa gani ba. A shekarun 1950 wani ma'aikacin laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan, W. E. N. Kensdale, ya bar teburinsa ya zaga Arewa yana neman rubuce-rubucen Larabci, ya kuma buga jerinsu tsakanin 1955 da 1958, tare da jerin littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubutun Larabci a Ibadan, aikin da ya kai shi ga babban kundinsa na 1995 a kan marubutan tsakiyar Sudan. Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan marigayi Sardauna. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, malamin da taskar gidansa ta shayar da Murray Last ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya a 1967, ta kuma shayar da Jean Boyd a aikinta na tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u.

Waɗannan cibiyoyi sun yi abin a yaba. Sai dai ƙarfinsu ya fi karkata ga manyan malamai da manyan birane da takardun gwamnati, kuma hakan ba aibi ba ne, domin kowa da iyakar hannunsa. Ba za a sa ran ma'aikacin Kaduna ya san cewa wani limami ya rasu a wani ƙauye na Maiyama, 'ya'yansa na shirin raba gado, kuma a cikin gadon akwai gafaka uku da babu wanda ke iya karanta abin da ke ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin wannan labari makwabci ne ke jin sa, kuma a wannan yanki jami'ar da ke Aliero ita ce makwabciyar.

Me ke Akwai da Za a Tara?

Wani zai ce, to, mene ne a Danwarai ko Sabiyal ko Jiga da har zai ci albashin ƙwararre? Mu fara da tarihi. Gimbana, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, a wannan yanki yake. Abdussalamin nan daga baya ya saɓa da Muhammadu Bello, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818, kuma labarin saɓanin da duniya ta fi sani shi ne wanda Bello ya rubuta da kansa a littafinsa Sardul Kalami. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ya kafa Jega wajen 1820, garin da kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Ashe bai kamata a ji yadda Gimbanawa suke ba da wannan labari a zaurukansu ba? Tarihin da aka ji daga baki ɗaya rabin tarihi ne, sauran rabin kuwa yana ƙirjin dattawan da kullum ake rage su.

Mu gangaro kan rubutu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya bar tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki, da Tazyinul Waraƙati, da littattafan nahawu da sarfu. Almajiran almajiransa sun bazu a garuruwan nan suna kwafa, suna rubuta sharhi a gefen shafi da Larabci da ajamin Hausa da Fulatanci. Wannan sharhin gefe shi ke nuna yadda aka karantar da littafin a nan, kuma babu shi a bugun Misira ko na Bairut. Bayan su akwai kundayen malamai na magani da lissafin taurarin damina, da wasiƙun fatake, da littattafan bashi na dillalan kasuwar Jega, da takardun cinikin gona.

Sa'an nan ga ilmin da ba a taɓa rubutawa ba. An san Aliero da abu biyu a faɗin ƙasar nan da maƙwabta: albasa da ɗori. Manomin albasa ya san lokacin yafa iri da lokacin dashe, ya san yadda ake gina rudu don albasa ta daɗe ba ta ruɓe ba, ya san shekarun da cuta ta cinye gonaki da abin da aka yi a lokacin. Mai ɗori ya gaji sana'ar da ke jawo majinyata daga nesa. A ɓangaren adabi kuwa, Gambu, makaɗin da ya yi suna da waƙar ɓarayi, mutumin Fagada ne ta ƙasar Maiyama, kuma waƙoƙinsa, ko ana son su ko ana ƙin su, madubi ne na wani ɓangaren rayuwar jama'a da ba a samu a littafin tarihi. Yawancin irin waɗannan waƙoƙi a kaset suke, kaset kuwa zafi da ƙura na cin sa a hankali.

Duk wannan dukiya tana zaune ne a bakin hatsari. Jega na gaɓar gulbin Zamfara, kuma ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ta rusa gidajen ƙasa masu yawa. Gona in ta nutse, baɗi a sake shuka. Takardar da aka rubuta da tawadar gargajiya kuwa, in ruwa ya taɓa ta, ta tafi ke nan. Ga gara, ga gobara, ga rabon gado da ke raba littafi ɗaya gida uku.

Amsa ga Masu Ja

Hujja ta farko da za a kawo ita ce, jami'ar kimiyya da fasaha ba ruwanta da tsofaffin takardu, wannan aikin masu nazarin tarihi ne. Mai wannan magana ya je asibiti mafi kusa ya tambayi asalin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yansa. Masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta samu lambar Nobel a 2015 saboda gano sinadarin atemisinin, kuma mabuɗin aikin ta same shi ne a littafin magani da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, bayan ita da abokan aikinta sun bi dubban tsofaffin bayanan magunguna. Da ba a adana littafin ba, da ba a tsara shi yadda mai bincike zai kai gare shi ba, da aikin ɗakin gwaji ya daɗe yana lalube. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu ma Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magani, har da na basir da ciwon ido, kuma Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kan lissafin hatimi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Ban ce duk abin da ke cikin kundin malami gaskiya ne ba. Kimiyya ce za ta tace. Amma ba ta iya tace abin da ba a kawo mata ba. Ɗori ma haka: sai an rubuta yadda ake yin sa, da inda yake warkarwa, da inda yake jawo a yanke ƙafa, sa'an nan likita da mai ɗori za su zauna su yi maganar da za ta amfani majinyaci. Haka nan ɗalibin aikin gona da ke gwaji a gonar jami'a ta fadamar Jega zai fi cin riba in ya tarar da an tattara masa duk abin da aka rubuta da wanda aka faɗa a kan albasar yankin wuri ɗaya. Balle kuma jami'ar da yanzu ke amsa sunan Abdullahi Fodiyo, ai ba ta da bakin cewa rubutunsa ba huruminta ba ne.

Hujja ta biyu ita ce, zamani ya wuce nan, komai yana intanet. Wannan ruɗi ne da ya kama har malaman jami'a. Intanet ba ta haifar ilmi, abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Rubutun ajamin da ake gani yau a taskar Jami'ar Boston, ko a shirin ceto takardu da Laburaren Birtaniya ya fara a 2004, wani ne ya taka ya je gidan masu shi, ya gaisa, ya nemi izini, ya ɗauki hoto shafi bayan shafi, ya rubuta bayani. Manhajojin nan masu amsa tambaya su ma daga abin da aka riga aka rubuta suke koyo. Garin da ba a rubuta shi ba, ko dai su yi shiru a kansa, ko su ƙaga masa labari. Saboda haka zuwan na'ura ƙara wa aikin ma'aji nauyi ya yi.

Hujja ta uku ita ce, akwai Laburaren Ƙasa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Kaduna, su ke da wannan nauyi. Gaskiya ne dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a Laburaren Ƙasa. To amma doka tana kama wanda ta gani ne. Ɗan littafin wa'azi ko na waƙa da aka buga a ƙaramar maɗaba'a, aka sayar a ranar kasuwa, ba ya zuwa Abuja. Takardar zaɓe, da sanarwar ƙungiyar manoman albasa, da shirin rediyo, da kundin kammala digiri, duk ba sa bin wannan hanya. Irin waɗannan ne mai bincike ke nema ido rufe bayan shekara 50, kuma ba a samun su sai in an tsince su a makon da suka fito.

Hujja ta huɗu kuɗi ne. Ita ce ta fi kama da gaskiya, ita ce kuma ta fi rauni. Abin da ake bukata albashin mutum ɗaya ne da mataimaki, da babur, da kyamara, da na'urar ɗaukar murya, da akwatunan ajiya, da ɗaki marar yoyo. A gwada wannan da abin da ake kashewa a ƙofar shiga mai ado ko bikin yaye ɗalibai na yini ɗaya. Asusun TETFund yana da kaso na bunƙasa laburare. Matsalar ita ce, idonmu ya saba ganin ci gaba a siminti da gilashi, har muna auna laburare da yawan kujerunsa da sanyin ɗakinsa. Rumbu komai kyan yaɓensa, in babu hatsi, sunansa kango.

Hujja ta biyar ta fi sauran nauyi: masu littattafan ba za su bayar ba. Suna da dalili. An sha karɓar littafi da sunan aro bai dawo ba, an sha ɗaukar bayani daga bakin dattijo a buga shi ba tare da an ambaci sunansa ba. Wasu kundayen ma sirrin gida ne. Amsar ita ce, ma'aji ba mai kwashe kaya ba ne. Ya ɗauki hoto a zauren mai littafi, a gabansa, ya bar masa asalinsa tare da kwafi da akwatin da zai kare shi daga gara. A rubuta yarjejeniya da Hausa, mai shi ya faɗi abin da za a nuna wa kowa da abin da za a rufe, sunan gidan kuma ya tabbata a rajista. Amana ba a gina ta a ziyara ɗaya, shi ya sa aikin ke son mazauni wanda ake gani a suna da jana'iza. Da ɗan gari kan ci gari.

Irin Mutumin da Ake Bukata

A nan dole a faɗa wa sana'ar laburare gaskiya. Takardar shaidar digiri kaɗai ba ta isa. Wanda zai riƙe wannan kujera sai ya iya Larabci gwargwadon gane littafi daga farkonsa da ƙarshensa in bangonsa ya ɓace, ya iya karanta ajami a rubutun warash, ya kuma ji karin harshen yamma. Wanda bai san cewa a nan ana cewa "hwara" da "mi" da "awa" a inda Bakano zai ce "fara" da "me" da "kamar" ba, zai karanta ajamin yankin ya ɗauka kuskure ne, ya gyara abin da ba ya bukatar gyara. Irin wannan mutum yana nan birjik a cikin waɗanda suka haɗa karatun zaure da na boko. Sai dai tsarin ɗaukar aiki bai san darajar karatun zaurensu ba. Ya kamata sassan koyar da ilmin laburare, irin na Zariya da Kano, su mayar da ajami da kula da rubutun hannu darasi na dole ga mai son wannan layi.

Kuma sai ya zama mai ƙarfin halin yin jayayya da tsarin da ya gada. Tsarin lambobin Dewey ya ba Kiristanci lambobi daga 220 zuwa 280, ya tattara Musulunci duka a 297. Tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda yawancin jami'o'inmu ke bi, ya cusa yawancin harsunan Afirka a rukuni guda tare da na Sin da Japan da Koriya. Waɗanda suka tsara su sun duba duniya ne daga tagar ɗakinsu, kuma ba za a zarge su da rashin hango Danwarai ba. Aikin ma'aji ne ya ƙara kalmomin nema na Hausa da Larabci, ta yadda wanda ya rubuta "rudu" ko "ɗori" ko "Gimbana" zai ga abin da yake nema. Littafin da ke kan kanta amma ba a iya gano shi, da shi da wanda ya ɓata duk ɗaya ne.

Malaman jami'a su ma suna da nasu kason. Muddin ana kallon ma'aikacin laburare a matsayin mai gadin littafi, mai hana surutu, to ba za a ba shi kujera a inda ake tsara manhaja ko ake amincewa da batun bincike ba. Sakamakon shi ne abin da kowa ke gani: ɗalibai na maimaita batu ɗaya shekara da shekaru, kowanne yana farawa daga tushe kamar ba a taɓa yi ba, babin waiwayen ayyukan da suka gabata cike da sunayen Turawa da Indiyawa, babu ko ɗaya daga kundayen da yayyensu suka rubuta a kan gona ɗaya. Sa'a guda tare da ma'ajin da ya san kayansa za ta rage wannan asara.

Abin da Ya Kamata a Yi

Kiran nan yana da adireshi. Majalisar dattawan jami'a ta ƙirƙiri kujerar ma'ajin ilmin yankin Gwandu da Kabi, mai daraja daidai da ta malamin koyarwa, a kuma auna ci gabansa da yawan abin da ya ceto ya bayyana. A yanka masa kaso tabbatacce daga kuɗin laburare kowace shekara, har da kuɗin fita ƙauyuka. Masarautar Gwandu da iyayen ƙasa na Jega da Aliero da Maiyama su zama masu buɗe masa ƙofa, domin kalmar uban ƙasa ita ke kwantar da hankalin mai gafaka. A ƙulla yarjejeniya da Gidan Arewa da hukumar tarihi ta Sakkwato da laburarorin ƙetare, su ba da kwafin duk abin da suke riƙe da shi game da yankin, musamman rahotannin jami'an mulkin mallaka a kan gundumomin lardin Sakkwato da ke Kaduna. Gwamnatin Jihar Kebbi, wadda ta tsaya da ƙafarta tun 1991, ta wajabta wa ma'aikatunta ajiye kwafin kowane rahoto da taswira a wannan taska. A kuma buɗe ƙofar ga wanda ba ɗalibi ba, saboda manomi da almajiri da mai ɗori su ne masu kayan tun asali.

Gini yana jira, hanya tana jira, amma dattijo mai shekara 85 ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi, gara kuma ba ta zuwa yajin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. In jami'ar da ke tsakiyar gonakin albasar Aliero ba ta ɗauki nauyin sanin Danwarai ba, wata jami'ar a wata nahiya za ta ɗauka, kuma jikokinmu za su nemi biza kafin su karanta wasiƙun kakanninsu.